Tokar Iyaye a Kwalbar Gilashi

A nan Koriya ta Kudu, inda neman halali ya ajiye ni, akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce karɓar tokar mamaci bayan an ƙone gawarsa, su narkar da ita, su mayar wa iyalinsa ta zama 'yan duwatsu masu santsi da sheƙi. Kowanne bai fi ɗan carbi girma ba. Yawancinsu shuɗi ne mai sirkin kore, akan kuma samu ruwan hoda ko baƙi. Ba a huda su, ba a rataya su a wuya. A kwalbar gilashi ake zubawa, ko a ɗan kasko mai murfi, a ɗora kan kanta a falo kusa da hoton mamacin, masu gida suna shiga suna fita suna kallonsu.

Ban yarda da wannan aiki ba, ba kuma zan so a yi wa wani nawa ba. Amma yadda mutanenmu ke karɓar labarin ma bai gamsar da ni ba. Duk wanda na ba wa a waya, abin da zai ce bai wuce "wa'iyazu billahi" ba, ya gode wa Allah da bai yi shi a cikinsu ba, sai a koma wata hira. Godiyar daidai ce. Sai dai wanda ya tsaya nan bai tambayi abin da ya kai mutanen da suka shahara da girmama iyaye ga miƙa gawar iyayen ga wuta ba, alhali kakanninsu da za su ji haka cewa za su yi an tafka saɓo. Amsar wannan tambaya ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Abin da ke fitowa daga tanderun ƙona gawa ƙashi ne. Zafin tanderun yana kaiwa digiri 800 zuwa 1,000, cikin awa biyu ko ƙasa da haka tsoka da kitse da kayan ciki sun tafi a hayaƙi da tururi. Gutsattsarin ƙashin da ya saura shi ake niƙawa a inji ya zama gari, na babban mutum kilo 2 zuwa 3. Garin nan yana shan danshi, ƙasar kuwa tana da damina mai zafi da laima, don haka yakan dunƙule a cikin tulun da aka zuba shi, ya sauya launi, wasu iyalai har kukan wari suke yi. Da wannan masu duwatsu suke tallata hajarsu. Suna sake mayar da garin cikin wutar da ta fi ta farko zafi nesa ba kusa ba, har ma'adinin ƙashin ya narke, ya ɗiɗɗiga, ya daskare a dunƙule. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Bonhyang, a garin Icheon da ke kudu maso gabashin Seoul, wanda Bae Jae-yul ya kafa. Lokacin da jaridun duniya suka fara ɗaukar labarinsa wajen 2011, aikin minti 90 yake ci, kuɗinsa wajen won miliyan ɗaya, kusan dala 900 a canjin lokacin, kuma babban mutum yakan ba da cikin kofi huɗu zuwa biyar. Shi yana cewa ba ya haɗa tokar da komai. Wasu masu sana'ar suna ƙara ma'adinai don ta yi saurin narkewa ta kuma ƙara sheƙi. Ko ta wace hanya aka bi dai, wuta biyu ke nan a kan jiki ɗaya.

Koriyawa ba masu ƙona gawa ba ne tun asali, ko in ce sun bar yin haka shekaru ɗaruruwa. Daular Joseon, wadda ta yi mulki daga 1392 zuwa 1910 bisa koyarwar Konfushiyos, malamin ƙasar Sin na zamanin da, ta hana ƙonawa. A wannan koyarwa jikinka amana ce daga iyayenka, ko gashinka ba ka da ikon wulaƙantawa, balle jikin su iyayen. Ana binne mutum a gefen tsauni, a wurin da masanin yanayin ƙasa ya zaɓa, a tara ƙasa ta yi tudu zagayayye, a shuka ciyawa a kai. Kafin bikin Chuseok na kaka, 'ya'ya da jikoki su hau tsaunin su yanke ciyawar, ranar bikin su dawo su rusuna a gaban kabarin. Gidan da aka ga kabarin kakansa ya yi duhuwa, abin kunya ne ga zuriyar baki ɗaya. Har yau in lokacin ya yi za ka ga manyan hanyoyi sun cushe da motocin masu tafiya yankan ciyawa.

To ga inda matsalar take. Faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 100,000 da 'yan kai ba, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na Najeriya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari tsaunuka ne. Mutum miliyan 51 ne a ciki, rabinsu a Seoul da kewayenta. A da kowane kabari na mutum ɗaya ne har abada, ga shi da fili a gabansa don masu rusunawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kaburbura sun cinye kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar gaba ɗaya, da yawansu kuma ba mai zuwa musu, masu su sun koma birni sun ɓace. A daminar 1998 ruwan sama ya kwashe dubban kaburbura a makabartun da ke kusa da Seoul, mutane suka yi ta neman ƙasusuwan iyayensu a cikin laka. A wannan shekarar ce kuma Chey Jong-hyon, shugaban rukunin kamfanonin SK kuma ɗaya daga manyan attajiran ƙasar, ya rasu ya bar wasiyyar a ƙone shi, daga baya kamfaninsa ya gina gidan ƙona gawa a Sejong ya ba gwamnati kyauta. Abin da a da ake ganin makomar matalauta ne da waɗanda suka mutu ba zuriya, sai ga shi mai kuɗi ya zaɓa da bakinsa.

Doka ta biyo baya. A 2000 aka gyara dokar jana'iza, ta fara aiki a Janairun 2001. Duk kabarin da aka haƙa daga lokacin yana da wa'adi: shekara 15, ana iya sabuntawa sau uku, jimla 60. An sake gyara ta a 2015 ta koma shekara 30 da ƙarin 30, amma iyakar tana nan. In wa'adi ya cika dole iyali su tone, su ƙone abin da ya saura ko su kai shi gidan ajiye ƙasusuwa. An kuma ƙayyade faɗi, murabba'in mita 10 a makabartar jama'a, 30 a filin mutum na kansa. Mutane suka yi lissafi. In har jikanka ne zai zo ya tone ka bayan shekara 60, gara a yi abin tun yau. A farkon shekarun 1990 wajen mutum ɗaya cikin biyar ake ƙonawa. A 2005 an haura rabi. Zuwa 2021 an haura tara cikin goma. Cikin rayuwar mutum ɗaya al'adar shekara ɗari biyar ta juye, ba don wani sabon addini ya shigo ba. Fili ne ya ƙare.

Da ƙonawa ta zama ruwan dare, sai tambaya ta koma ina za a kai tokar. Akwai gidajen ajiye toka, manyan gine-gine masu jerin akwatunan gilashi daga ƙasa har rufi, inda akwatin da ke daidai idon mai ziyara ya fi na sama da na ƙasa tsada. Akwai binne toka a gindin itace, wanda doka ta amince da shi tun 2008. Daga Janairun 2025 an halatta watsa ta a teku. Duwatsun nan ɗaya ne daga cikin amsoshin, kuma ba su ne mafi rinjaye ba. Koriyawa da yawa su ma tsigar jikinsu tashi take yi in an ambace su.

Amma ba daga sama suka faɗo ba. A addinin Buddha an daɗe da imanin cewa in aka ƙone gawar babban malami mai tsarkin zuciya, akan tsinci wasu ƙwayoyi masu ƙyalli a cikin tokarsa, waɗanda Koriyawa ke kira sari, ana ajiye su a hasumiyar haikali ana girmamawa. Da malami Seongcheol ya rasu a haikalin Haeinsa a 1993, an ce an tsinci sama da ɗari, jama'a suka yi dogayen layuka don su gani. Abin da kamfani ya yi shi ne ya ɗauki wannan daraja da a da sai waliyyinsu, ya ce ga inji, kowace tsohuwa ma za ta samu. Abin lura shi ne daga cikin malaman nasu aka samu wanda ya ƙi. Beopjeong, wanda ya rasu a 2010 kuma duk ƙasar ta san shi da gudun duniya, ya bar wasiyya cewa kada a nemi sari a tokarsa, kada a gina masa hasumiya. Ni da shi ba mu haɗa aƙida ba, amma a wannan gaɓar na fahimce shi sarai.

Wani dattijo da muke aiki tare, babban ɗa a gidansu, ya taɓa gayyata ta gidansa, a nan na ga duwatsun da idona. Na mahaifiyarsa ne. Ya ce kabarin mahaifinsa yana can kudu a kan tsauni, tafiyar rabin yini, gwiwoyinsa kuma sun fara gazawa. 'Yarsa tilo tana aure a ƙasar waje. "In na mutu wa zai hau ya yanke ciyawar?" in ji shi. Ya ce ba ya son mahaifiyarsa ta kwanta a inda wata rana ba mai zuwa, gara ta zauna inda zai gan ta kullum. Yana magana yana share ƙurar murfin kwalbar da hannun rigarsa. Wallahi ban ga raini a fuskar mutumin nan ba. Ƙauna na gani, da tsoron kada a manta da wadda ta haife shi. Duk wanda zai yi maganar Koriyawa a kan wannan abu ya fara sanin haka tukuna.

Kuma mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa sanin wannan ciwon. Tsakaninmu da gida awa takwas ne a agogo. Sai ka tashi da asuba ka tarar da kira da saƙonni sun taru, kafin ka buga waya an yi wanka, an yi sutura, an yi salla, an kai, har masu rakiya sun dawo sun zauna karɓar gaisuwa. Haka aka yi mini a rasuwar mahaifina. Ban ga fuskarsa ba, ban kama makara ba, ban zuba ƙasa ba. Duk wanda ya ɗanɗani wannan ya san akwai daren da zuciya ke neman wani abu na mamacin da hannu zai taɓa. Don haka ba na kallon dattijon nan a matsayin wani irin mutum daban. Abin da ya ji na ji shi. Inda muka rabu shi ne abin da ya kamata a yi da wannan jin.

Dalilina na farko na addini ne, ba zan ɓoye ba. Alƙur'ani ya lissafa sanya ɗan Adam a kabari cikin ni'imomin da Allah ya yi masa, ya kuma ba da labarin hankakan da ya tona ƙasa don nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa. Hadisin Nana A'isha ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Mai wankan gawa a hankali yake juya ta, ba ya yaye mata tsiraici, ruwan ma sai ya sirka. Wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya, tanderu da injin niƙa da wuta ta biyu ba za su taɓa kwanta masa ba. Kiristocinmu ma binnewa suka sani, a wannan bakinmu ɗaya.

Amma ina da dalili na biyu, wanda zan iya faɗa wa wanda bai yarda da littafina ba. Ranar da aka mayar da mamaci duwatsu, ya shiga sahun kaya. Kaya kuwa ana mallakarsu, ana raba su, ana rigima a kansu, ana mantuwa da su wajen tashi daga gida, ɓarawo yana ɗauka, yaro yana zubarwa. Masu talla suna yabon cewa 'ya'ya huɗu kowa zai ɗebi rabonsa ya tafi da shi garin da yake. Ni nan ne abin ya fi tayar mini da hankali. Uwa ɗaya, kashi huɗu, a gari huɗu. Sannan dutse ba ya ruɓewa. Ɗan da ya san muryarta zai share mata ƙura har ya mutu. Jika wataƙila ya riƙe don kunya. Tattaɓa-kunne fa, da bai taɓa ganinta ba, ya gaji kwalabe takwas na iyayen kakanninsa a ɗaki biyu na haya? A ƙasar da ma'aunin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙanƙanta a duniya, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na gidaje mutum ɗaya ne a ciki, wannan tambaya ba ta gobe mai nisa ba ce. Akwai kamfanonin da aikinsu share gidan wanda ya mutu shi kaɗai. Ranar da suka shiga suka tarar da kwalba a kan kanta, ba suna, ba magaji, ina za ta? Dattijon nan ya gudu daga kabarin da ba mai ziyarta, ya faɗa kwalbar da ba mai gada. Tambayar da ya yi a kan ciyawa tana nan daram a kan ƙura.

Ba Musulmi kaɗai ke ganin haka ba. Faransa, wadda ba ruwan dokarta da addini, ta zartar a Disamban 2008 cewa toka tana da alfarmar gawa, ba a raba ta, ba a ajiye ta a gida, kuma rigingimun iyali a kan tulun toka suna cikin abin da ya jawo hakan. A yawancin jihohin Jamus toka sai makabarta. Cocin Katolika, da ta sassauta a kan ƙonawa tun 1963, ta fitar da umarni a 2016 cewa kada a mayar da toka kayan ado ko abin tunawa. A ɗaya gefen kuma kasuwa sai bunƙasa take yi: a Amurka, inda ƙonawa ta zarce binnewa tun wajen 2015, kamfanin Parting Stone a Santa Fe yana mayar da mutum duwatsu 40 zuwa 80 masu cika tafin hannu, a Siwizalan kuma Algordanza tun 2004 yake tace sinadarin gawayi daga toka yana yin lu'ulu'u na zobe. Kowannensu kaɗaicin mai makoki yake sayar wa magani.

Idan na dubi tudun ciyawar da aka yi jiya da kwalbar da ake yi yau, buri ɗaya nake gani a cikinsu: mamaci ya dawwama a wuri sananne, a hannun zuriyarsa, har abada. Wannan burin ne ya cinye tsaunuka, da tsaunuka suka ƙare ya koma falo. Tsarin da muka gada ya ginu ne a kan akasin haka. Likkafani fari, ba akwati. Rami daidai jiki, a jera itace, a toshe, a mayar da ƙasa, tudun bai wuce taki ɗaya ba. An hana shafe kabari da farar ƙasa, an hana gini a kansa. Sarki da almajiri yadi ɗaya, rami ɗaya. Malaman Malikiyya suna cewa kabari hubusi ne, wato waƙafi, ga mai shi muddin akwai sauran wani abu nasa a ciki, wanda ke nuna in ƙasa ta gama aikinta wurin yana iya karɓar wani. Baƙi'a a Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ake binnewa a cikinta har yau. Abin da aka bar wa mai rai ya riƙe shi ne addu'a, da sadaka, da biyan bashin mamaci, da sada zumuncinsa. Waɗannan ba sa cin fili, ba sa kuma buƙatar magaji ya ɗauke su a jaka. Ni da ke ƙarshen duniya ina iya yin su daidai da ƙanena da ke cikin gida, kuma wannan ne ya riƙe ni a lokacin da hannuna ba shi da abin taɓawa.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Da na samu zuwa gida na roƙi kawuna ya raka ni kabarin mahaifina. Muka shiga makabarta muka yi ta zagaye. Katanga ta faɗi ta gefe guda, awaki suna kiwo, an mayar da kusurwa ɗaya juji, damina ta burma kaburbura da dama, wani ma har itacen ya bayyana. Ɗan allon da aka kafa ba shi, masu tsintar ƙarfe sun cire. Na ce, "Kawu, yanzu a cikin nan wanne ne?" Ya yi shiru, ya nuna wani sashe da sandarsa, ya ce, "Ɗana, tsakanin nan ne dai. Yi addu'arka, addu'a ba ta ɓatan hanya." Gaskiya ya faɗa, na kuma yi. Amma ɓacewar kabari cikin ƙasa daban, juji a kan kabari daban. Na farko tsari ne, na biyu sakaci ne, kuma mun saba fakewa da na farko don kada a tuhume mu da na biyu. Annabi da kansa ya ɗora dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi, ya kuma yi umarni da ziyarar kaburbura. Koriyawa suna rufe hanya don zuwa yanke wa matattunsu ciyawa. Mu mahaƙan kabarinmu tsofaffi ne da ke rayuwa da abin da masu rakiya suka miƙa musu, gayyar gyaran makabarta kuma sai ruwa ya yi ɓarna ake tunawa da ita. A wannan fannin sun fi mu, ba na jin nauyin faɗa.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne muna tafiya kan hanyar da suka bi, ta fuska biyu a lokaci ɗaya. Biranenmu suna kumbura, tsofaffin makabartu sun cika, unguwanni sababbi ana yanka su fuloti-fuloti ba a ware wa matattu ko taku ɗaya ba, filin da aka ware kuma sai a wayi gari an ga harsashin gini a gefensa. Sannan siminti ya fara shiga makabarta. Mai hali ya zagaye kabarin mahaifinsa da bulo, na kusa ya ga haka ya ƙara da tayil. Duk kabarin da aka zuba wa siminti an cire shi daga lissafin masu zuwa, ya zama tudun Koriya a ƙaramin siffa. Ba na cewa gobe za a gina tanderu a ƙasar Hausa. Amma su ma a 1980 da ka ce musu tara cikin goma za su zaɓi wuta, ba wanda zai saurare ka. Matsin fili ba ya tambayar aƙidar mutum kafin ya zo, kuma in ya zo, gwamnati ce ke rubuta mafita, ba malamai ba.

Akwai ƙasar da ta fi Koriya ƙuncin fili amma ba ta tilasta wa kowa wuta ba. Singafo tun 1998 ta ƙayyade zaman kabari shekara 15. In wa'adi ya cika ana tonowa, waɗanda addininsu ya yarda a ƙone, Musulmi kuwa a naɗe abin da ya saura a sake binnewa a ƙaramin wuri, bisa tsarin da aka yi da majalisar addinin Musulunci ta ƙasar. Ba abu ne mai daɗin ji ba, amma an zauna an yi shawara tun kafin a ƙure. Inda ba a yi haka ba mun ga abin da ya faru. Siri Lanka ta ƙone gawarwakin Musulmin da korona ta kashe daga 2020 har Fabrairun 2021 duk da kukan iyalansu, sai a 2024 gwamnati ta nemi afuwa. A nan Koriya ma ƙa'idar lokacin annobar ita ce a fara ƙonawa sannan a yi makoki, ba a sauya ta ba sai a farkon 2022.

Wannan ya kawo ni ga mu 'yan ƙalilan da ke zaune a nan, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan masana'antu. Jana'izar ƙasar nan kwana uku ce, yawanci a zauren makoki na asibiti, rana ta uku a wuce gidan ƙonawa. Hanyar da kowa ya sani ke nan, ma'aikacin da ke cike takarda ma ita zai nufa in ba wanda ya tsaya ya ce a'a. Baƙon da ya mutu ba a samu mai karɓar gawarsa ba, ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyinsa, kuma abin da ta saba yi shi za ta yi. Mayar da gawa gida miliyoyin won yake ci, ga takardun ofishin jakadanci, ga allurar hana ruɓewa da kamfanonin jirgi ke nema, ga kwanakin jira da suka saɓa wa gaggawar da aka umarce mu da ita. Shi ya sa nake matsa wa duk ɗan'uwan da ya sauka: rubuta wasiyya da harshen ƙasar, ka ce kai Musulmi ne a binne ka, ka sa lambar wanda za a kira da ta babban masallacin Seoul da ke Itaewon, ka ajiye kwafi a wurin aiki, ka kuma shiga asusun jana'iza ko da kuɗin shiga ya yi maka nauyi.

Ra'ayina a binne mutum inda ya mutu, akwai kuma sashen Musulmi a wata makabarta a Chungju. Wasu 'yan'uwa ba su yarda da ni ba, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: dokar wa'adi ba ta keɓe Musulmi ba. Kaburburan da aka haƙa a 2001 wa'adinsu na ƙarshe zai cika a 2061, doka kuma ta ɗora nauyin tonowa a kan iyali. Baƙon da aka binne a nan, iyalinsa suna wata nahiya, jikokinsa wataƙila ba su san sunan garin ba. Wanda zai tsaya a madadinsu ranar, ya ce a sake binne ƙasusuwan nan kamar yadda ake yi a Singafo kada a kai su tanderu, sai an samar da shi a rubuce tsakanin shugabannin Musulmin ƙasar da ma'aikatar lafiya da walwala, wadda dokar jana'iza ke hannunta, tun waɗanda suka san masu kaburburan suna raye.